Darasin da ɗan Kona ya samo a Yamai

Duk ɗalibin da ya taso daga Kona, cikin ƙasar Tasawa, har ya kai jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya san yawan abokan da ya baro a hanya. Tare suka shiga lakkwal, amma wasu sun koma gona, wasu sun tafi cin rani Najeriya, 'yan mata kuwa an aurar da su. Tun yana ƙarami ake gaya masa cewa ƙwaƙwalwa ce ba su da ita.

Sai ya zauna a ajin nazarin dangantakar makaranta da al'umma, ya ji wani bayani dabam. A shekarar 1970, masana biyu na Faransa, Bourdieu da Passeron, sun nuna yadda makaranta ke fifita yaron da ya zo da harshenta da al'adunta daga gida, sannan ta kira wannan fifiko hazaƙa. Ɗan ma'aikaci yana jin Faransanci tun a tsakar gidansu. Ɗan manomin Kona ko na Mayahi kuwa, sai ranar da ya shiga aji yake fara jin sa, kuma da shi za a auna basirarsa.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi kira a littafinsa na 1964 da a karantar da yaran Afirka cikin harsunansu. A 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a cikin aji. A 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Dokoki dai ba su yi mana ƙaranci ba.

Abin da ya rage shi ne malamai masu horo, da littattafai, da albashi a kan lokaci. Ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata, kada ku ce ba ruwanku don 'ya'yanku na makarantun kuɗi. Yaron da ya bar aji bai iya karatu da lissafi ba, shi ne gobe zai riƙe muku shago, shi ne zai jefa ƙuri'a. Ku tambayi magabata yaushe ɗan Kona zai fara koyon karatu da harshen uwarsa.