Daren Lahadi Ba Na Mai Otal Ba Ne

Wani mai otal a nan bayan Kasuwar Malam Atta ya ce mini wai mu 'yan zango ne ke hana Accra ci gaba. Hujjarsa Ingila. Ranar Lahadi 14 ga Yuli 2024, da Ingila ta kara da Sifen a wasan ƙarshe na kofin Turai, gwamnati ta yarje wa gidajen giya su kai ƙarfe ɗaya na dare. Don haka mu ma, in ji shi, duk ranar babban wasa a sakar musu mara.

Na ce, "Maigida, can sai da hukuma ta ba da izini, ta kuma yanka lokacin rufewa. Kai wa ka taɓa tambaya?"

Don ni shaida ce. Duk Lahadin da Black Stars ke wasa, ko ana wasan ƙarshe a Turai, alƙali zai hura tashi, amma lasifikarsa ba ta san an tashi ba. Kiɗa har ƙarfe uku, ihu, faɗa, fasa kwalba. Idan an ci a sha don murna, idan an sha kashi a sha don haushi. Shi dai ba ya asara.

Masu asarar su ne waɗanda daren Lahadi yake safiyar Litinin a wurinsu. Hajiyar da ke ɗora tukunyar waakye tun kafin kiran assalatu. Mai koko da ƙosai. Direban trotro da zai kwashi mutane zuwa Circle ido jajir. Sai 'yan matan kayayo, waɗanda ke kwana a bakin rumfuna, ba ƙofa ba sakata, bugaggu na ratsa su a hanyar gida. Da safe ni nake share fasassun kwalabe kafin in shimfiɗa kayana, kuma har yau mai otal bai aiko mini ko da tsintsiya ba.

Kada a ce ƙwallo muke ƙi. Mohammed Kudus ɗan Nima ne. Ranar da ya zuba wa Koriya ta Kudu biyu a 2022, har Maamobi sai da ta girgiza, kuma shayi da burodi ne a gaban mafi yawanmu. A Katar ɗin ma, saura kwana biyu a fara gasar aka janye giya daga rumfunan 'yan kallo, wasa bai fasa ba.

Ba na cewa a rufe masa otal. Ghana ba ta Musulmi kaɗai ba ce, lasisinsa na hannunsa. Amma a garin nan, idan Homowo ta ƙarato, sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya wata guda, har coci-coci a sa su sassauta. Ashe ana iyawa. To majalisun Ayawaso su yanka wa gidajen giya lokaci, su liƙa a ƙofa, su turo mai dubawa ranar wasa, ba ranar karɓar haraji kaɗai ba.