RIJIYA TA BA DA RUWA, GUGA YA HANA

Ya ku 'yan'uwa na rassan Agadas, Ingal, Arlit, Cirozerin, Adarbisanat, Bilma da Dirku. A karanta wannan takarda a taron reshe, a juya ta da Abzinanci da Tubanci saboda wanda bai ji Hausa sosai ba, sa'an nan a miƙa ta gaba. Kada ta kwana a aljihun mutum ɗaya.

Maganar mai ce ta kawo mu yau. A shekarar 2018 kamfanin Sonatrach na Aljeriya ya haƙa rijiya a Kafra, can arewacin jiharmu daf da iyaka, ya tarar da mai. Tun daga nan waɗansu ke ta murna a tasha da bakin kasuwa, wai arziki ya zo Abzin. To, mu ma muna so ya zo. Amma mutumin Agadas ba baƙo ba ne ga irin wannan albishir. Iyayenmu sun ji shi tun ba a haifi yawancinmu ba, kuma mun san inda ya kai su.

A 1957 Turawan Faransa masu neman tagulla suka tarar da ƙarfen yuraniyom a Azelik, cikin ƙasar Ingal. A 1968 aka kafa kamfanin Somair, ya fara fitar da ƙarfe a Arlit a 1971. Kominak ya biyo baya a Akokan a 1978. Fiye da shekara hamsin ke nan ana ɗibar ƙasarmu ana kaiwa teku, ana kunna fitilun biranen Turai da ita. An gina tashar gawayi ta Sonishar a Anu Araren don ba ma'adinan wuta, amma wace unguwa ce a Agadas ba ta san kwana cikin duhu lokacin bazara ba? Da Kominak ya rufe ran 31 ga Maris 2021, abin da ya bar wa Akokan shi ne ɗaruruwan magidanta ba aiki, da tsibin dusar ƙarfe mai guba kimanin tan miliyan 20 a bayan gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laifin 'yan mulkin mallaka da kamfanoninsu ba mu taɓa ɓoye shi ba, ba kuwa za mu fara yau ba. Amma akwai wata gaskiya mai ɗaci wadda dole mu faɗa wa junanmu. Ɗan abin da baƙon ya bari, wa ya karɓa? Ba Bature ne ya ke riƙe da makullin baitulmalinmu ba tun 1960. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku saurara da kyau, gama nan ne zancen ya ke. A 2006 aka gyara dokar ma'adinai, aka rubuta cewa daga kuɗin haƙƙin ƙasa da hukuma ke karɓa a hannun masu haƙa, kashi 85 cikin ɗari na babban baitulmali ne, kashi 15 na ƙananan hukumomin jihar da aka haƙi abin ne. Dokar mai ta 2007 ta bi wannan rabo. Watau a kowace jika ɗaya da ta shiga, dala talatin tamu ce, ta rijiyarmu da lakwal ɗinmu da ɗakin shan maganinmu. Wannan ba sadaka ba ce, ba kuwa alherin wani minista ba ne. Jini ya zuba kafin a rubuta irin wannan magana. Tawayen da ya ƙare da sulhun 24 ga Afrilu 1995, da wanda aka yi daga 2007 zuwa 2009, duka biyu akwai kukan rabon arzikin ƙasa a cikinsu.

To, dala talatin ɗin nan tana ina? Ƙungiyoyin farar hula irin su Rotab sun yi shekaru suna kuka cewa kuɗin ba ya zuwa kan kari, bashi yana taruwa a Yamai shekara bisa shekara. Wanda ya iso kuwa, wane talaka ne aka taɓa tara wa a gindin bishiya aka ce masa, ga abin da ya shigo bana, ga abin da aka yi da shi? Ka tambayi magajin gari ya ce Yamai ba ta aiko ba. Ka tambayi Yamai ta ce ta aika. Tsakanin bakin nan biyu ne rijiyar makiyayi ta ke ɓacewa.

Ga misali na biyu. A watan Mayu 2014 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Areva, aka buga ganga har ƙasashen waje. Kamfani ya ɗauki alkawarin ba da yuro miliyan 90, kusan sefa miliyar 59, don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da yuro miliyan 17 don noman rani a kwarin Irhazer. Shekaru suka yi ta wucewa, direban da ya tashi Agadas zuwa Arlit yana sauka daga kan kwalta ya bi ta cikin rairayi, don daji ya fi hanyar lafiya. Ku tambayi 'yan tasha taya nawa suka binne a wannan hanya, mai ciki nawa aka ɗauko ba ta kai asibiti ba. A Imuraren kuma Shugaba Tanja ya aza tubali a watan Mayu 2009, aka ce samarinmu dubbai za su sami aiki. Aka dakatar da aikin bayan shekara biyar, aka ƙwace lasin a 2024, ba a sayar da ko buhu ɗaya ba.

Ga na uku. A watan Fabrairu 2017 jaridar Le Courrier ta Yamai ta buga takardar da ta nuna cewa a 2011 an fitar da dalar Amurka miliyan 319 daga asusun Sopamin, kamfanin ma'adinai na ƙasa, a wani banki na Paris, zuwa asusun wani kamfani a Dubai, da sunan cinikin yuraniyom. Majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya wanke gwamnati, 'yan hamayya suka ƙi yarda. Mu ba alƙalai ba ne. Abin da muka sani shi ne, shekara biyar da ɗoriya ana juya irin wannan dukiya da sunan ƙarfen ƙasarmu, ba wanda ya gaya wa mai ƙasa, sai da ɗan jarida ya tono. A cikin shekarar nan kuma ƙungiyar duniya mai duba kuɗin ma'adinai, ITIE, ta dakatar da Nijar, gwamnati ta yi fushi ta fita, ba ta koma ba sai 2020. Ga shi kuwa tsarin mulkin 2010 ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa a riƙa buga yarjejeniyar ma'adinai da kuɗin da aka samu a jaridar hukuma.

Wani zai ce, ai wannan zancen ƙarfe ne, mai dabam ne. To, mu dubi gabas, wurin maƙwabtanmu na jihar Difa, inda man ya riga ya fito. A 2008 aka ba kamfanin CNPC na Sin filin Agadem, ya biya dalar Amurka miliyan 300 kuɗin sa hannu. A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. An fara zancen gininta a kan dalar Amurka miliyan 600, lissafi ya ƙare a wajen miliyan 980, bashin kuma a wuyan ƙasa. Tun 2013 samarin Difa suka fita titi suna tambaya, don me mai daga ƙasarsu, aiki kuwa sai a kawo mutum daga nesa da takardar wani babba? Aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Binin, jirgi na farko ya yi lodi a watan Mayu 2024. Kafin ganga ɗaya ta tashi, a watan Afrilu, an riga an karɓi dalar Amurka miliyan 400 a hannun kamfanin, bashi da ruwa kashi 7, za a biya da mai. An ci kaza tun tana cikin ƙwai. A watan Maris 2025 kuma sai ga layin motoci da babura a gidajen mai, ƙasa mai rijiya da matata tana neman abin zuba wa tanki. Wanda ya taɓa zuwa Ngurti da raƙumi ko da mota, ya faɗa wa reshe abin da idonsa ya gani: bututu yana da masu gadi dare da rana, garin da bututun ya fito kuwa ruwan sha ma aiki ne.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai kuma gemun da ya fi wannan daɗewa yana ci, can kudancin Nijeriya, bakin ruwa, inda aka fara samun mai a ƙauyen Oloibiri a 1956. Su ma an rubuta musu rabo, kashi 13 cikin ɗari a tsarin mulkin 1999. A shekarar 2000 aka kafa musu hukuma ta musamman, NDDC, don raya yankin. Da aka binciki littattafanta, rahoton da aka miƙa a 2021 ya ce naira tiriliyan 6 ta shiga hannunta daga 2001 zuwa 2019, kuma ayyuka 13,777 ne aka bari a yashe ko aka yi musu aikin banza. 'Ya'yan yankin ne ke shugabancin hukumar, ba baƙi ba. Darasin da muka ɗauka shi ne, kafa sabon ofishi da sabuwar mota ba ya kai ruwa ƙauye. Su goma sha uku, mu goma sha biyar, duka a takarda. Lamba a takarda ba ta shayar da akuya sai akwai mai ƙirga.

Mun san abin da waɗansu 'yan'uwa za su ce: ai yanzu zamani ya sake, an kori sojan Faransa a 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, an mai da Somair hannun ƙasa a watan Yuni 2025. Lalle wannan abu ne da masu kishin ƙasa suka daɗe suna nema, tun ran da Jibo Bakari ya ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958. Ba mu raina shi ba. Amma fa yanzu uzuri ya ƙare. Da ana cewa Bature ne ya hana. Yau ƙarfe a hannunmu ya ke, saboda haka duk kobon da ya ɓace, hannun ɗan ƙasa ne ya ɗauka. Kuma a watan Afrilu 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa masu riƙo daga sama. A Maris 2025 aka soke jam'iyyu. Wakilin da talaka zai tare a hanya ya tambaya babu shi. In mu ba mu tambaya ba, wa zai tambaya? An soke Sawaba a 1959, amma kasuwa ba ta daina ci ba, mutane kuma ba su daina magana a cikinta ba.

Saboda haka ga aikin da muka ɗora wa kowane reshe.

Na ɗaya, a sami littafi. A bi gari da ruga a rubuta kowane aiki da aka kafa wa allo: rijiya, aji, ɗakin haihuwa, hanya. A rubuta shekarar da aka fara, da kuɗin da allo ya faɗa, da ɗan kwangila, da inda aiki ya tsaya. Abin da ido ya gani kaɗai za a rubuta, ban da jita-jita. Ƙarya ɗaya tana ɓata gaskiya ɗari.

Na biyu, dattawa uku su tafi wurin mai riƙon gari, cikin ladabi, da takarda a hannu, su tambaya: kashi 15 nawa ya shigo kowace shekara, nawa ya rage bashi, me aka yi da wanda ya zo? In ya amsa, a gode masa a fili. In ya ƙi, a rubuta ranar, a koma kasuwa mai zuwa.

Na uku, amsar da aka samu, ko rashinta, a faɗe ta ran kasuwa, a wurin mahauta da 'yan gishiri da masu albasar Abzin, a gaya wa liman da sarakunan ruga, a gaya wa mata, gama su ke tafiyar yini neman ruwa.

Na huɗu, kada ɗan reshe ya karɓi toshiyar baki, ko buhun shinkafa ne ko gurbin aiki ga ɗansa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyar, ba ruwanmu da bindiga. Waɗanda suka fasa bututu a watan Yuni 2024 sun zubar da mai a makiyaya, dabbar talaka ce ta sha. Ba ruwanmu kuma da zancen ƙabila. Ba'abzine, Batube, Bahaushe, Bafillace, Babarbare da Balarabe, rami ɗaya ne ke karya musu mota a hanyar Arlit.

Na shida, zancen Kafra. Kafin ganga ta farko ta bar jiharmu, muna so a buga yarjejeniyar a fili, a karanta ta da harsunanmu a gidan rediyo, a faɗi rijiyoyin makiyaya da za a taɓa da diyyarsu, a faɗi samarin jiha nawa za a koya wa aiki. In an bari sai bututu ya shiga ƙasa, magana ta zama roƙo.

Kakanninmu masu azalai ba su taɓa ɗora gishirin Bilma a raƙumi ba sai sun ƙirga kantu, ba su kuma sauke a Kano ba sai sun sake ƙirgawa, ko da madugu ɗan'uwansu ne. Ba wanda ya ce sun raina madugu. Haka mu ke so a yi da dala talatin ɗinmu. Kowane sakatare ya aiko da abin da ke cikin littafinsa kafin bugu na gaba, ta hannun da ya saba.

Allah ya taimaki talaka, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, amin.