RA'AYINMU: Ɗan Biri a Kwali Ba Haja Ba Ne

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa a kasuwar Ose Okwodu ta Anacha, ko a tashoshin manyan motoci na Fatakwal da Inugu, ya san yadda wani lokaci akan raɗa wa direba ko ɗan kasuwa cewa ga ɗan biri a kwali, a taimaka a kai shi Arewa, akwai lada. Wasu kan karɓa don neman ɗan abin miya, wasu don tausayi, wasu kuwa don yara su sami abin wasa. Wannan jarida tana kira ga jama'armu da su ƙi wannan kaya, kome yawan ladansa.

Gani ya kori ji. Wanda yake son sanin dalili, to, ya ziyarci gidan renon birai da ake kira Drill Ranch a Jihar Kuros Riba. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, su suka kafa shi a birnin Kalaba cikin 1991, daga baya aka buɗe babban sansani a kurmin Dutsen Afi, kusa da ƙauyen Buanchor cikin ƙasar Boki. Daga Inugu mutum zai bi ta Abakaliki zuwa Ikom, sa'an nan ya kama hanyar Obudu. Wanda ba shi da halin shiga kurmi yana iya tsayawa a gidan na Kalaba, garin da 'yan'uwanmu na unguwar Bogobiri suka daɗe da zama.

Birin da aka kafa wurin dominsa yana kama da bika, amma baƙar fuska gare shi da guntun wutsiya, Turawa suna ce masa diril. A duk duniya ba a samunsa a dawa sai a Kuros Riba, da kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Biyoko. A can Afi baƙo zai gan su garke-garke cikin kurmin da aka kewaye, zai kuma ga biri mai ganga, wanda mutanen Gashaka suka sani. Waɗanda aka soma reno da su marayu ne, domin uwar biri ba ta sakin ɗanta tana da rai. Maharbi yakan harbe ta don nama, sa'an nan ya ɓamɓare ɗan daga jikinta ya kai kasuwa. Saboda haka ne masu gidan ba su sayen biri daga hannun kowa, sai wanda aka kawo kyauta ko hukuma ta ƙwace. Sun gane cewa kowane kwabo da aka biya, harsashi ne aka saya wa maharbi.

Lalle ne kuma mu san cewa doka ba ta yi shiru ba. Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta hana kamawa da fataucin gwaggon biri da biri mai ganga da diril, cikin 2016 kuma aka yi mata gyara aka ƙara yawan tara. Ran da aka tare mota a shingen hanya, wanda ya ba da saƙo ba ya wurin, wanda zai karɓa shi ma ba ya wurin. Direba da yaron mota su ne za su kwana a hannun 'yan sanda. Kuma kayan ba a Arewa yake tsayawa ba. Cikin Disamba na 2024 an sami ɗan gwaggon biri a akwati a filin jirgin saman Istambul, an ɗauko shi daga Nijeriya za a kai shi Tailan. Wannan abin kunya ne ga ƙasa baki ɗaya, musamman da yake irin gwaggon birin da ke duwatsun iyakarmu da Kamaru bai kai 300 ba yanzu.

Akwai kuma hakkin maƙwabtaka. Mutanen Akpugoeze a Jihar Inugu da na Lagwa a Jihar Imo suna da wani ɗan biri wanda babu shi a wata ƙasa sai Nijeriya, kuma tun kakanni al'adarsu ta hana taɓa shi. Ba imaninmu ɗaya da su ba a kan wannan, amma baƙo na gari yakan kiyaye abin da mai masaukinsa yake girmamawa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari: in aka kama mutum guda, sunan dukan Hausawan kasuwa ne zai shiga bakin duniya, alhali su albasa da tumatir da shanu suka kawo, da guminsu suke ci. Addininmu ma ya riga ya yi mana gargaɗi da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

Saboda haka muna roƙon Sarakunan Hausawa na Anacha da Fatakwal da Inugu, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, su sanar a tashoshi cewa ba a lodin biri. Limamai su taɓo zancen a huɗuba. Makarantun unguwanninmu su shirya wa yara ziyara zuwa Kalaba lokacin hutu, su ga dabba cikin 'yan'uwanta maimakon ɗaure da sarƙa. Wanda kuwa yake da biri a gida yanzu, kada ya sayar, kada ya sake shi cikin gari, sai ya miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji.

Gwamnatin Tarayya da ta jihohi su ma kamata ya yi su tsananta bincike a filayen jiragen sama, su nemi manyan dillalai, kada hukunci ya ƙare a kan yaron mota. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya halitta, amin.