SOKAWE KO BABBAR MAGUDANA: WA ZAI BIYA KUƊIN?

'Yan uwa, akwai maganar da ake jin nauyin yinta a bainar jama'a alhali babu gidan da ba ta shafa ba, wato maganar inda bahaya yake ƙarewa. Duk lokacin da damina ta kankama a Rawayau ko Kurfi ko Dutsin-Ma, shadda ta cika ta tumbatsa, kwata ta kwashi najasa ta bi lungu, sai ka ji samari a majalisa suna cewa ai da za a yi mana irin magudanar Abuja da an huta. To, bari mu zauna mu yi lissafi, don kada gobe wani ɗan siyasa ya zo ya yi mana romon baka da wannan zance.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce sokawe: a gina rami da bulo da siminti, ƙazanta mai nauyi ta kwanta a ƙasansa, ruwan ya tsallaka rami na biyu ƙasa ta tsotse shi, bayan 'yan shekaru a kira mota ta yashe. Ta biyu ita ce babbar magudana: bututu ya fito daga kowane gida ya haɗu da wani babba a ƙarƙashin titi, ya kai ƙazantar gari duka matata guda, kamar ta Wupa da ke Abuja.

Wanne ya fi tsada? An taɓa auna wannan a birnin Dakar na Senegal, inda ake amfani da hanyoyin biyu. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna cewa idan aka haɗa kuɗin gini da na gudanarwa, magudana tana cin kusan dala 55 a kan kowane mutum a shekara, sokawe da yasarsa kuwa kusan dala 12. Kusan ninki biyar ke nan! Wannan fa a birni ne mai cunkoso, inda bututu guda yake ɗaukar gidaje masu yawa. Ina ga ƙauyukanmu, inda za a ja bututu mai tsawo saboda gidaje ƙalilan?

Sannan magudana ba ta aiki sai da ruwan famfo mai yawa da zai riƙa tura ƙazanta, in ba haka ba bututun ya toshe. Mu da muke sayen ruwa a jarka, mu yi tsarki da buta guda, da me za mu tura? An kammala dam ɗin Zobe tun 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shansa. Shekara 38! Wanda ya yi wannan jinkiri a kan ruwan sha, shi za mu zauna jira ya haƙa mana magudana?

Saboda haka sokawe shi ne daidai da mu. Amma ɗan uwa, kada ka yi saurin tafi. Shi wannan bincike na Dakar ya nuna cewa yawancin kuɗin magudana hukuma ce ke ɗauka, na sokawe kuwa yawancinsa daga aljihun maigida yake fita. Ka ga ke nan mai gida a Maitama an ɗauke masa nauyi da dukiyar al'umma, talakan Rawayau kuwa shi zai sayi siminti da rodi, shi zai biya magini, shi zai biya masu yasa. Idan ya gaza sai a ce masa ƙazami. Wannan wane irin adalci ne?

Kuma sakamakon gazawar ba a gidansa kaɗai yake tsayawa ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutane sama da 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyarta sananniya ce: daga bahaya zuwa ruwan sha.

Abin da za mu nema wurin hukuma ke nan a fili yake. Tunda an huta da kuɗin magudana, to ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma su tanadi motar yasa mai sauƙin kuɗi, su kuma keɓe wurin zubarwa nesa da gari, nesa da rafi, maimakon a riƙa juyewa a kududdufi cikin dare.

Mu ma samari akwai namu. Kai da kake shirin gina ɗaki don aure, sa kuɗin ramin a lissafi tun kafin na fenti. Ka nisanta shi da rijiya da aƙalla mita 30, taka da ta maƙwabcinka. Gidajen da ke jere su haɗa kuɗi su gina guda mai kyau, mu kuma mu ba da ƙarfinmu wajen haƙa, kamar yadda muke aikin gayya a gona. Masallatai da makarantun unguwa su ne farkon wuraren da ya kamata mu fara, domin mai neman tsarki bai kamata ya tsallake najasa kafin ya shiga sahu ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.