Kwana Uku a Bakin Zambezi: A Fara da Wata da Biza

Duk wanda ya ƙudura zuwa kallon magangarar ruwan Victoria da ke kan iyakar Zambiya da Zimbabwe, kuma kwana uku ko huɗu ne kacal a hannunsa, shawarata gare shi ita ce ya ajiye maganar tikitin jirgi da otal tukuna. Abu biyu ne za su nuna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu: watan da zai je, da irin bizar da ke cikin fasfonsa. Mai hutun wata guda yana iya gyara kuskurensa a can. Mai kwana uku ba shi da wannan sararin.

Sai an san yadda wurin yake za a gane dalili. Kogin Zambezi yana tahowa a shimfiɗe cikin natsuwa, yana ratsa tsibirai, sai kawai ƙasa ta tsage a gabansa. Faɗin inda yake zuba mita 1,708 ne, zurfin kuma ya kai mita 108. Ruwan yana afkawa ne cikin wani siririn kwazazzabo na baƙin dutse, mai kallo kuma yana tsaye a ɗaya gaɓar tsagar, fuska da fuska da shi. Da yake wurin a matse yake, feshin ba shi da mafita sai sama, har yakan haura mita 400, a hango shi daga nisan kilomita da dama. Mutanen yankin suna kiran sa Mosi-oa-Tunya tun kafin David Livingstone ya iso a watan Nuwamba na 1855 ya raɗa masa sunan sarauniyar Ingila, kuma da sunayen biyu hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989.

Daminarsu tana faɗuwa wajen Nuwamba ta ɗauke wajen Afrilu. Amma ruwan da ke cika magangarar daga nesa yake tahowa, daga arewa maso yammacin Zambiya da gabashin Angola, kuma yakan yi jinkiri a fadamar Barotse kafin ya gangaro. Shi ya sa kogin bai cika yin maƙil ba sai Afrilu zuwa Mayu. Mutane da yawa suna jin haka sai su ce ai lokacin zuwa ke nan. Ni ban yarda ba, in dai don gani za a je. Akwai wata 'yar gadar ƙafa a ɓangaren Zambiya da ake kira Knife-Edge. Wanda ya hau ta a Afrilu, ruwa ta sama da ta ƙasa da ta gefe yake dukansa, rigar ruwan da ya karɓa haya a ƙofa ba ta hana shi jiƙewa sharkaf, ƙasan gadar yana santsi, ba ya jin maganar na kusa da shi saboda rugugi, abin da ke gabansa kuwa fari ne fat. Sai iska ta ɗan kaɗa ne zai hango bangon ruwan na 'yan daƙiƙu, sannan ya sake rufewa. Abu ne mai ratsa jiki, babu shakka, amma wanda ya biya kuɗin jirgi tun daga Kano ko Yamai ya cancanci ya ga abin da ya je gani.

Kishiyar wannan ita ce Oktoba da Nuwamba, lokacin tsananin zafi da ƙarancin ruwa. A lokacin gefen gabas, wato na Zambiya, yakan ƙafe har ya zama dutse tsirara da 'yan siraran ruwa nan da can. Zambiya tana da tashar lantarki a wurin da ke karkatar da wani kaso na ruwan, wannan ma yana ƙara rage shi. Hotunan da suka karaɗe duniya a ƙarshen 2019, ana cewa magangarar ta bushe, akasarinsu daga wannan gefen aka ɗauke su a shekarar fari, alhali babban ɓangaren da ake kallo daga Zimbabwe bai daina zuba ba. Wanda ya taɓa zuwa Gurara a jihar Neja a watan Maris, ya kuma koma a Satumba, ya san yadda wuri ɗaya ke zama wuri biyu.

Zaɓina shi ne Yuni zuwa Agusta. Ruwa yana nan da ƙarfinsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, feshi ya ragu yadda ido zai yi aikinsa, sama tas babu hadari. Ga shi kuma ƙarshen wannan lokaci ya zo daidai da dogon hutun makarantu a wajenmu. Sai dai a tuna cewa hunturunsu ke nan: muna tsakiyar damina, su suna ɗari, safiyar Yuli kuma tana bukatar rigar sanyi ta gaske. Wanda ya iya daidaita tafiyarsa da tsakiyar watan Musulunci, daren sha huɗu ko sha biyar, zai samu ƙarin da ba a kowane wuri ake samu ba, domin a irin waɗannan darare akan buɗe wurin a ga bakan gizo da hasken farin wata ya fitar a cikin feshin.

Ta wane gefe za a kwana? Kimanin kashi uku cikin huɗu na fuskar magangarar daga Zimbabwe ake kallon ta, kuma garin Victoria Falls yana dab da ƙofar shiga, ana iya takawa a ƙafa. Garin Livingstone na Zambiya yana da nisan kilomita 10, amma shi gari ne na sosai, da kasuwarsa da jama'arsa. Shi ne babban birnin Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, daga 1911 zuwa 1935, kuma a nan gidan tarihi mafi daɗewa a ƙasar yake. Ga mai kwana uku, ni Zimbabwe zan ce ya sauka. Ya ba safiyar farko gaba ɗaya ga hanyar da ta bi gaɓar tsagar, daga wajen gunkin Livingstone, ta cikin kurmin da feshin ya raya, har zuwa inda ake kira Danger Point, inda babu shinge kuma dutsen yana da santsi. A riƙe hannun yara a nan, a riƙe da kyau. Tikitin na shiga sau ɗaya ne, kuma a 2023 an kai shi dala 50 ga baƙin da ba na yankin ba, don haka babu dalilin gaggawa.

Rana ta biyu a ƙetare gadar da ta haɗa ƙasashen biyu a ƙafa. An ƙera sassanta a Ingila, aka kawo su ta tashar ruwan Beira, aka gama ta a 1905, tana rataye mita 128 a saman kogin. Ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes ne ya so a kafa ta a daidai inda feshin zai riƙa taɓa taragun jirgin ƙasa, shi kuwa ya mutu a 1902 bai taɓa ganin wurin ba. A kan wannan gada ce, a watan Agusta na 1975, aka tsayar da taragon jirgi a tsakiya cif, yadda Ian Smith, shugaban gwamnatin Turawa ta Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, da mutanensa za su zauna a ɓangaren Rodeshiya, shugabannin 'yan gwagwarmaya baƙar fata kuma a ɓangaren Zambiya, saboda ba su da tabbacin ba za a kama su ba in sun taka ƙasarsu. Zaman ya watse ba a cimma komai ba. Yau manyan motocin kaya ne ke bi ɗaya bayan ɗaya, da masu kekuna ɗauke da kayan masarufi, da samari masu tallan tsoffin takardun kuɗin Zimbabwe na dala tiriliyan 100. A kula da gwaggon biri. Yana gane leda daga nesa, kuma ba ya roƙo, fizgewa yake yi.

Masu shirya yawon buɗe ido za su cika maka hannu da takardu: jirgi mai saukar ungulu, tsalle daga gada da igiya a ƙafa, tseren kwalekwalen roba a cikin kwazazzabo, wanka a Devil's Pool da ke leɓen magangarar, wanda ma sai ruwa ya ja baya, daga wajen ƙarshen Agusta, ake buɗe shi. Kowanne yana da masu son sa, ban hana ba. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Na fi son mutum ya ɗauki abu ɗaya a rana ta uku, ko yawon jirgin ruwa da yamma a saman kogin inda dorina da kada suke, ko wuni guda a gandun dajin Chobe na Botswana don giwaye, in takardunsa sun ba shi dama.

Abinci ba zai zama baƙo ba. Sadza a Zimbabwe da nshima a Zambiya tuwon masara ne, da ganye da kifin kogi. Sai dai a gidajen abincin baƙi ana alfahari da naman dawa, har da gadu da kada, don haka a tambaya kafin a sa hannu. A tafi da dala a hannu, ƙananan takardu masu tsabta, da katin rigakafin shawara, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Kada a yi yawon dare a ƙafa, giwaye suna shigowa gari. Hanyar zuwa kuma ta Adis Ababa ce ko Nairobi ko Johannesburg, kuma zuwa da dawowa kowanne zai ci kusan kwana guda, a lissafa su daban.

Duk wannan tsari a kan takarda ɗaya ya rataya, a nan kuma raina yake ɓaci. Zambiya da Zimbabwe sun fito da biza guda mai suna KAZA tun 2014: dala 50, kwana 30, ka shiga ka fita tsakanin ƙasashen biyu yadda ka ga dama, har ka leƙa Botswana na wuni ɗaya ta Kazungula. A filin jirgi ko a kan iyaka ake bayar da ita. Amma jerin ƙasashen da aka yarda wa galibinsu na Turai ne da Amurka da attajiran Asiya, Najeriya ba ta ciki. Mai koren fasfo sai ya nemi bizar kowace ƙasa daban tun daga gida, ya jira amsa. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne bizar shiga sau ɗaya. Ka sauka a Zimbabwe, ka bar jakarka a otal, ka ƙetare gada aka buga maka hatimin fita, to bizarka ta ƙare a nan. Baturen da ke bayanka a layi zai iya sayen wata a ƙofa. Kai kuwa kayanka suna wata ƙasa, kana wata. Saboda haka a nemi ta shiga sau biyu ga ƙasar da za a kwana, ta sau ɗaya ga ɗayar, a tabbatar da ƙa'idar da ake kai daga ofishin jakadanci don tana sauyawa, kuma kada a biya kuɗin da ba a mayarwa sai amsa ta fito. Wanda bai samu ta biyun ba yana iya karɓar takardar hawa gada daga jami'an shige da fice, ya je tsakiya ya dawo ba tare da an taɓa bizarsa ba.

Ina girmama ikon kowace ƙasa a kan ƙofarta. Amma ba zan manta ba cewa a ƙarshen Yulin 1979, ana jajiberin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP a Najeriya don matsa wa Birtaniya lamba kan Rodeshiya, wata tara bayan haka kuma Zimbabwe ta samu 'yanci. Jikokin waɗanda suka yi wannan tsayin daka su ne yau ke cike fom suna jira, jikokin masu mulkin mallaka kuma ana buga musu hatimi da murmushi. Laifin ba na Harare da Lusaka ba ne su kaɗai. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ba shamaki a 2018, ana bukatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, amma bayan shekara biyar huɗu ne kawai suka yi: Mali, Nijar, Ruwanda da Sao Tome. Najeriya ba ta cikinsu. 'Yan majalisarmu da ke kwamitocin harkokin waje ya kamata su faɗa mana abin da ya hana.