Kada Ka Ɓoye wa Likitan Haƙori Maganin da Kake Sha

Jama'a, dashen haƙori ya shigo manyan biranenmu, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Amma akwai abu guda da kan mai da wannan kuɗi asara, wato maganin da mutum ke sha don wata cuta dabam.

Ga yadda aikin yake. Likita yakan kafa ɗan ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi, ya jira wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama shi gam, sa'an nan ya ɗora haƙori a kai. Wani likitan ƙasar Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum haka a 1965. To, ashe duk maganin da ya taɓa ƙashi ya taɓa dashen.

A 2003 wani likita a Amurka, Robert Marx, ya ba da rahoton cewa ƙashin muƙamuƙi na ruɓewa a jikin waɗansu masu karɓar allurar zoledronate, wadda ake yi wa masu ciwon daji. Alendronate, da ake ba iyayenmu mata don raunin ƙashi, danginta ne, ko da yake haɗarinsa bai kai nata ba. Omeprazole kuwa, da muke saye a kemis ba takardar likita da zarar ciki ya yi zafi, yakan rage shigar kalsiyam cikin jiki, kuma bincike ya nuna dashe ya fi lalacewa ga masu shansa kullum. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda waɗansu ke sha don su yi ƙiba, sukan jinkirta warkewar rauni.

Wannan ba ya nufin an haramta wa masu shan magani dashe. Da yawansu an yi musu, ya zauna lafiya. Abin da nake cewa shi ne, likita ba ya duba. Ranar zuwa asibiti, tattara kwalayen magungunanka duka a leda, har da na gargajiya, ka zube masa a tebur. Likitan da ya fara maganar kuɗi bai tambaye ka abin da kake sha ba, nemi wani.

Sai dai kada ka daina shan maganinka da kanka don son haƙori. Bari likitan da ya rubuta maka shi da likitan haƙori su yi shawara tukuna.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.