Shafin ɗan jarida ya zama allon koyon rubutu

Shekara da shekaru, aikin jarida a harshen Hausa aiki ne na baki da kunne. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, na DW a 1963, na RFI a 2007, kuma duk tsawon lokacin nan abin da mai rahoto ya rubuta a takarda tsakaninsa ne da makirfo. Ko ya bar lanƙwasar harafi, harshensa zai mayar da ita in ya zo karantawa. Facebook da WhatsApp sun kawar da wannan sutura. Yau kowace kafa, daga manyan gidajen nan har rediyon FM na Maraɗi ko Damagaram, tana da shafi, kuma ɗan jaridan da aka horar domin ya yi magana an wayi gari shi ne marubucin da aka fi karantawa.

Ra'ayina shi ne, a wannan zamani babu littafin makaranta da ke koya wa matasanmu rubutun Hausa kamar waɗannan shafuka, alhali masu su ba su ɗauki kansu malamai ba.

A duba abin da ake wallafawa. Kanun labari ya ce “ya kasa”, sai mai karatu ya tsaya yana neman ko gazawa ake nufi ko an yanke wata magana ce a kan ƙasa. Kafa da ƙafa sun zama abu guda, haka bari da ɓari. Ga “yace” da “sunyi” a manne, kamar wakilin suna ba kalma ba ce mai zaman kanta. Mu nan Nijar muna da ƙarin tamu cutar, wadda muka gado daga lakkol: hannun da ya saba da Faransanci sai ya rubuta “mouna tchikin”, yana nufin muna cikin. Ba don babu ƙa'ida ba ne. Tun taron Bamako na 1966 ake wannan aiki, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasa ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, wadda a cikinta muke rubuta ƴ a inda maƙwabtanmu na Najeriya ke rubuta 'y. Ƙa'idar tana nan, ɗakin labarai ne ba ta shiga ba.

Na san hujjar da za a kawo, domin na ji ta daga bakin wani mai kula da shafin wata rediyo: labari da ɗumi-ɗuminsa ba ya jiran ƙugiya, wanda ya riga wallafawa shi ke kwashe masu karatu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na raina wahalar mutumin da shi kaɗai ne mai fassara, mai ɗaukar hoto da mai gyara. Sai dai hujjar ta tsufa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ, kuma saka shi a waya ba ya cin minti biyar. Mutumin nan kuwa, in Faransanci yake rubutawa, ba ya yarda ya bar wasali ba alamarsa, don ya san za a yi masa dariya.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce haruffa. Domin neman yawan mabiya, waɗanda galibinsu ke ƙetaren iyaka, shafukanmu kan kauce wa kalmomin gida. Jandarma da lakkol da likita mai ma'anar gidan magani sai su ɓace, karin Ader da na Gobir su koma abin da ake ji a muryar manomi cikin bidiyo, ba a ganinsa a rubutun da ke ƙarƙashi. Daidaitacciyar Hausa ba ta hana a rubuta maganar mutum yadda ya faɗe ta.

Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan haka ne, sashenmu na kimiyyar harshe yana da abin bayarwa: takarda mai shafi biyu da ta tattara ƙa'idojin rabon kalma da haruffa masu lanƙwasa, da ɗaliban da za su yi zaman koyon aiki a ɗakunan labarai na Yamai da Tawa, su zauna kusa da mai wallafawa kafin ya danna.